Kwamfutar da Muka Yi Ta Zaɓe

Ƙarar kwano ce ta soma komai. Na zura shi cikin buhun hatsi da safe, sai na ji ya gogi ƙasa, alhali ko sanyi bai wuce ba. Maigidana yana bakin ƙofa yana shan shayi. Ya ji, bai ɗago ba. Can ya ce, "Bana sai arewa."

Shekarar ce sojoji suka sake karɓar mulki, damina kuma ta ɗauke tun gero bai yi ido ba. Shi malamin kwantiragi ne a lakwal, makarantar boko, a Tasawa, albashi sai an ga dama. Arewa kuwa Libiya ke nan, inda mazan unguwarmu ke tafiya, wasu a ji labarinsu, wasu shiru.

Ni na kawo maganar kwamfuta, irin ta kan tebur, wadda shi ke kira ordinatar. Na yi kolej, na iya bugun tafireta. In muka girka ta a zaure ina buga wa mutane takardun neman aiki, ba sai ya tafi ba. Kuɗin sayenta kuwa awakina ne, jajaye, zuriyar 'yar akuyar da aka ba ni da aure. Suna garin Isawan wajen gwaggona, tana yi mini kiwo. A wurinmu mace ba ta kai dabba kasuwa sai abin da za ta saya ya tabbata. Don haka na bar su can, muka shiga zaɓe.

Wani abokin aikinsa ya ara mana katalog na wani kamfani a Faransa, takarda mai sheƙi, har ƙamshi take. Su sai mai katin banki, kuma kaya su biyo jirgin ruwa, su kwana a duwan, wajen 'yan kwastan. Akwai wani kanti a Yamai da ke aiko da tsofaffi gyararru ta motar fasinja, a biya tukuna, ba mayarwa. Ta Kano ta fi araha, amma jerin haruffanta na Ingilishi ne, yatsuna kuwa na Faransanci suka sani.

Shi ta Faransa yake so, saboda garanti.

"Malam, in ta lalace, jirgi za mu hau mu mayar musu?"

"Ke dai kin fi son gwanjo, uwar yara. Har a miji gwanjo kika zaɓa."

"To ai ga shi bai lalace ba."

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Na daɗe ban ji dariyarsa ba, shi ya sa ban ƙagu zaɓen ya ƙare ba. Muka rubuta wa na Yamai tambayoyi, muka jira amsa a akwatin gidan waya na lakwal. Da ta zo sai ta haifi wasu: ƙura fa, da kuran, wutar lantarkin da ake ɗaukewa kullum? Na yi istihara, zuciyata ta kwanta da ta Yamai. Shi ma daga baya ya yarda.

Na aika wa gwaggo ta kawo awakin. Ranar kasuwa ta iso a amalanke, ta zauna a tabarma, ta sha ruwa, ta ƙi kallona.

"Ɗiyata, ciyawa ta ƙare tun tuni. Kwali suke ci, da leda. Manyan sun faɗi. Sauran ga su nan waje, sai an ɗaga su suke tsayuwa."

Na yi salati, na fita na duba. Mahauta suka taya su, abin da aka samu hatsi muka auna da shi, bai ma cika buhu ba. Ban ga laifin gwaggo ba, nata ma sun tafi. Allah ne Ya bayar, Shi Ya karɓa.

Maigidana ya mayar da katalog ga mai shi. Bai yi faɗa ba, bai kuma sake dariya ba. Kafin zafi ya tsananta ya hau motar Agadas, na tsaya a tasha har ta ɓace. Sau ɗaya ya kira daga hanya.

Ƙaramar ɗiyata ta yi ta kuka, sai gwaggo ta lallashe ta da cewa Baba ya tafi ɗauko kwamfuta ne. Damina ta zo ta wuce. Wata rana ina wanki, ta zo ta tsuguna gabana, ta tsoma hannu cikin kumfa.

"Inna, ki ce wa Baba ya bar ta can. Shi dai ya zo."