Yadda Na Kai Tanko Kaduna Allurar Tsargiya

Tsohon Birnin Gwari

Ana kiran assalatu na ɗaure ƙullin kayana, na tashi jikana Tanko, na goya shi. Shekararsa huɗu, ya wuce goyo, amma a lokacin bai fi tulun da ba ruwa nauyi ba. Tun damina yake fama da tsargiya. In zai yi fitsari sai ya riƙe mara yana kuka, ƙarshensa jini. Tafin hannunsa ya yi fari fat, tuwo loma biyu ya ture.

Ubansa ɗana ne na fari, don haka ba zan rubuta sunansa ba. Ya rako mu bakin hanya yana mita. "Inna, wahalar banza za ki sha. Wane namiji ne a garin nan bai yi jan fitsari ba? Nasa dai ya zo da wuri." Haka mazanmu suka ɗauki abin. Yaro ya fara, sai a yi dariya a ce ya zama namiji. Na ce, "Namijin da kullum safe uwarsa ke shanya tabarmarsa? Miƙo mini ƙullina."

Da ma na fara kai shi wurin malamin asibitin garinmu. Ya ce yana da allurar, amma mai ƙarfi ce, manya da 'yan makaranta yake yi wa. Ƙarami kamar wannan sai an auna nauyinsa, likita na tsaye. To, sai Kaduna.

Cikin daji

Motar katako muka samu, mai ɗauke da buhunan dawa, ba ta tashi ba sai hantsi. Direba, Audu sunansa, ya ce, "Iya, wannan angon naki ne?" Na ce, "Shi ne, gyara za ni kai shi." Muka hau kan buhu. Daji ba iyaka, doka da maɗaci, birai na tsallake hanya. Tanko ya ɗaga kai ya dube su, ya mai da kansa cinyata.

Wajen Kuriga ma'aikatan ciwon barci suka tsai da mu, kowa ya sauko ana lalubar wuyansa. Da suka zo kan Tanko na ce, "Samari, ba a wuya abin yake ba, ku bar mu mu wuce." A Udawa na sayi gasasshiyar doya wurin matan Gwari da nono wurin wata Bafillatana. Ya sha nonon kaɗan. Taya ta fashe bayan la'asar, muka kwana a Buruku gidan wata mai tuwo, ta ba mu ɗakin da take ajiye tukwane.

Kaduna

Muka sauka Tudun Wada gidan Jummai, 'yar ƙanwata. Washegari ta kai mu asibiti. Aka ba ni kwalba ya yi fitsari, suka duba a madubinsu. Likitan Bature ne, wani Malam Yakubu ke juya mana magana.

"Likita na tambaya, yana iyo a rafi?"

"Wane iyo? Uwarsa dai kan zaunar da shi a bakin ruwa in tana wanki, don kar ya dame ta da kuka. Duk haka muke yi."

Malam Yakubu ya ɗauko wata kwalba, ciki da 'yan katantanwa ƙanana, ba su kai ƙwayar gujiya ba. Ya ce mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ciwon ya shiga cikin waɗannan, ya fito, ya shiga jikin duk wanda ya taɓa ruwan. Na ce, "Ko bai sha ba?" Ya ce, "Ta fata, Iya. Ko wanda aka ɗebo aka yi wa jariri wanka a gida."

Aka ɗora Tanko a sikeli kamar buhun gyaɗa, likita ya rage maganin daidai nauyinsa. Ba allura ɗaya ba ce, yau a yi, gobe a huta, haka har ta ƙare. Ni ke matse shi tsakanin ƙafafuna. Ran farko da aka gama ya dube ni da hawaye ya ce, "Kaka, na sake ki." Na ce, "Sai ka warke tukuna, ba na karɓar saki daga majinyaci."

Ba zan yi muku ƙarya ba, allurar nan ba ta da daɗi. Tari, amai, ciwon gaɓoɓi. Wata rana Tanko ya kwanta ko ruwa ya ƙi, na naɗe kayana na je na ce wa Malam Yakubu gida za mu, gara ya mutu a ɗakin uwarsa. Bai yi mini gardama ba. Ya kira likita, aka saurari ƙirjin yaron, aka ba shi hutu, aka ce in na tafi yanzu wahalar da ya sha ta tafi a banza. Na kwance kayan. Juma'ar da ta zagayo, Tanko ya saci ƙosai a kwanon Jummai. Ban taɓa murna da ɓarawo irin ta ranar ba.

Da za a sallame mu Malam Yakubu ya ce allura ba ta hana ciwon dawowa. Ruwan wankansa a tafasa, ko a bar shi ya kwana biyu a randa. Kada ya shiga rafi, kada kowa ya yi fitsari a ciki.

Komawa

Motar Audu muka sake samu. A wani rafi bayan Udawa ya tsaya zuba wa inji ruwa, fasinjoji suka sauka wanke ƙafa. Kafin in juya Tanko ya nufi ruwan da gudu, abin da rabonsa da yi tun damina. Na cafke shi ta wuyan riga. Audu ya ce, "Iya, bar ango ya yi wanka mana." Na ce, "Kai ka yi. Allurar na nan, ta manya ma ta fi kauri." Ya janye ƙafarsa daga ruwan.

Gida

Mun iso ana kiran magariba. Da safe na ɗauko farin kwano na sa Tanko ya yi fitsari a tsakar gida, na miƙa wa ubansa. Ya leƙa, garau, ba ɗigon ja. Ya dubi yaron yana korar akuya da kara, kumatu sun ciko. Na ce, "To, ga shi na raba shi da mazantaka. Ka fi son na da?"

Na faɗa wa uwar yaron zancen ruwa, ta ce randarmu ɗaya ce, ba ta kwana da ruwa. Ran kasuwa sai ga ubansa ya shigo da sabuwar randa a ka, mutumin da ko tulu bai taɓa ɗauka ba. Ya girke ta kusa da tsohuwar, ya ce, "Wannan ta Tanko ce."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Jummai da Malam Yakubu. Tanko kuwa ya mai da ni ɗakina.