Tsoho Mai Batir a Leda

Batirin motata ya mutu a bakin asibiti. Ga wani tsoho yana nufo ni, rigarsa duk ta koɗe, da leda a hammata. Na ɗauka bara ce. Kafin ya buɗe baki na ce, "Baba, a yi haƙuri, ba canji."

Sai ya yi mini alama in buɗe murfin injin. Daga ledar ya zaro ɗan batirin tada mota, naɗe cikin tawul kamar jariri. Ya maƙala jar waya a batirin motata, sannan baƙa. Ina jin tsohon direba ne da ciwon ido ya raba da sitiyari.

"Murza makulli, 'yata."

Mota ta tashi. Na miƙa masa kuɗi, kaina a ƙasa.

"Bar shi," in ji shi, yana naɗe tawul ɗinsa. "Ai kin ce ba canji."