Ranar da Aka Sa Ni Korar Surukin Hajiya

Ku sababbin zuwa, ku saurara. Har yau ban manta da wata Laraba ba, bayan Babbar Sallah ta bara, a wannan asibitin namu na Nassarawa GRA. Aikina taimaka wa nas ne a ɗakin farfaɗowa, inda ake kwantar da wanda aka gama duba wa hanji.

Ga waɗanda ba su sani ba: likita kan zura siririyar na'ura mai kyamara ta dubura, ya busa iska don hanjin ya buɗe, in ya ga tsiro ya cire. Kafin sallama dole nas ta tambayi mutum ko iskar ta fita, ko cikinsa na ciwo, ko ya ga jini. In hanji ya huje aka tafi gida da shi, ana iya rasa rai.

Ranar an cire wa Hajiya Yalwa tsiro. 'Yarta na Abuja, sai mijin 'yar, Alhaji Sabo daga Badawa, ya kawo ta. Ya tsaya a kanta da makullin mota a hannu.

Sista Maryam, babbar nas ɗinmu, ta ce, "Hajiya, iska ta fita?"

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. "Lafiya lau, 'yar nan."

"Ciki fa?"

"Alhamdulillahi."

Amma gumi na bin wuyanta, takalminta ma ta kasa sunkuyawa ta ɗauka. Sista ta ja ni gefe ta ce, "Wace dattijuwa za ta yi maganar tusa a gaban suruki? Rabi, ke da ba ki da kunya, fitar min da shi."

Na ce, "Alhaji, ba mu wuri."

Ya ce, "Ke wace ce? Ni na kawo ta!"

Na ce, "Allah ya saka. Ƙofa dai ga ta can."

Yana fita Hajiya ta damƙe hannuna. "Wallahi cikina kamar dutse, ciwon har kafaɗa." Nan take aka kira likita, aka yi hoto, aka ga hanjin ya ɗan huje. Kafin la'asar an shiga tiyata an ɗinke.

Sai rigima. Alhaji Sabo ya cika asibiti da faɗa: an huda masa suruka, an kusa sallamarta a haka, sai ya kai ƙara. Ni na zaci likita zai yi ta kewaye-kewaye. Bai yi ba. Ya zaunar da 'yan uwa ya ce, "A hannuna abin ya faru, wurin cire tsiron. Yakan faru jefi-jefi, kuma na gaya mata tun farko." Alhaji ya ce to me ya sa aka kusa barinta ta tafi?

Washegari Hajiya da kanta ta aika masa da amsa ta bakin 'yarta da ta iso daga Abuja: "An tambaye ni, ni na ce lafiya. Ya kake so in faɗa kana tsaye?" Maganar ƙara ta mutu a nan. Ranar sallamarta, da ƙafarta ta taka har mota, shi kuwa ya jira a waje, ba wanda ya kore shi.

Tun daga nan ba ma tambayar kowa sai an fitar da ɗan rakiya. "Lafiya lau" a bakin mutanenmu gaisuwa ce. Ku fara rufe ƙofa, sannan ku yi tambaya. In kunya ta hana ku, ku kira ni.