Gilashin Gidan Burodi

Hannunta na fara gani. Ina kan tsani, gari bai gama wayewa ba, sai wani hannu ya ɓullo ta cikin gilashin riƙe da farin tsumma, ya share tururin da ya lulluɓe shi daga hagu zuwa dama. A wurin da ya share sai ga idanu da gefen shuɗin ɗankwali. Ba ni take kallo ba. Wani ɗigon datti take kallo daidai kafaɗata. Ta ƙwanƙwasa wurin da farce, ta nuna ni da yatsa, wato ta wajena dattin yake. Na goge, ta gyaɗa kai, ta matsa gaba.

Lokacin ina da shekara ashirin da ɗoriya. Ni da taubashina, ɗan kawuna, muna wanke gilasan kantuna da ofisoshi a cikin garin Jos. Shi ya fara sana'ar bayan zarto ya ɗauke masa kan yatsa a kasuwar Katako, daga baya ya jawo ni. Kayan aikinmu tsani ne da ya haɗa da kansa, da bokitai, da tsummoki, da damin tsofaffin jaridu, sai kura da muke turawa. Babban aikinmu wani gidan burodi ne mai kanti a gaba. Gilashin kantin falle ɗaya ne, daga gwiwar mutum har sama da kansa, an ce daga Ikko aka kawo shi cikin akwati da ciyawa. Kowace safiya mukan tarar da baƙin hayaƙin manyan motoci a jikinsa, da shatin goshi da hancin yaran da suka wuni suna leƙen kek.

Manajan wurin bai yarda mu shiga ciki ba saboda abinci, don haka ma'aikaciyar kanti ce ke goge cikin. Taubashina ya koya mata ƙa'idarmu: na ciki ya goge a kwance, na waje ya goge a tsaye. In an hangi zane a kwance, nata ne. In a tsaye yake, nawa ne. Haka muka yi makonni ni da ita, fuska da fuska, gilashi a tsakani, ba wanda ya san muryar wani.

Da sassafe muke aiki, domin da zarar rana ta taɓa gilashi sabulu zai bushe ya bar zane. Wanda bai taɓa tsoma hannu a ruwan da ya kwana a duro a Jos a ƙarshen shekara ba, ba zan iya gaya masa yadda yake ba. Da farko zafi za ka ji kamar an zuba maka barkono, daga nan yatsun su daina zama naka. Ana matse tsumma ne da ido, don hannu ba ya ba da labarin ko ya matsu. Fatar gaɓoɓin yatsu takan tsage, mu cusa man kaɗe mu ɗaure da ƙyalle, washegari ruwa ya sake buɗe ta.

Abin da ke riƙe ni a cikin wannan sanyin littattafai ne. Akwai wasu ƙananan littattafan soyayya na Turanci da 'yan kasuwa ke kawowa daga Kudu, masu siririyar takarda da hoton mace a bango. Da ɗan Turancina na firamare nake bin su, inda ban gane ba in cike da nawa. A cikinsu talaka yakan hangi yarinya ta taga, kuma tagar takan buɗe. Don haka duk lokacin da ta ƙwanƙwasa gilashi da farce, ni a wurina magana ce ta yi mini.

"Bawana, goge gilashi ko ka auri gilashi, zaɓi ɗaya," in ji taubashina wata safiya. "Na gaji da riƙe maka tsani kana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir."

"Kai me ka sani? Ko sunanka ba ka iya karantawa."

"Na san abin da ba ka sani ba. Wannan da kake gani ba ta da lokacinka. Mijinta direban tifa ne, ya rasu a hanya. Ubanta ne a hannunta, tsohon ma'aikacin kuza, ƙirjinsa ya ƙare. Ɗakin da aka ba ta a bayan kantin, bangonsa ɗaya da tandar burodi. Maigadin wurin ya ce tsohon a jikin bangon nan yake wuni, a nan yake kwana. Bara da suke unguwar Gangare saura kaɗan sanyi ya tafi da shi. Don bangon nan take aikin, ba don idonka ba."

Na ji wannan, sai abin ya ƙara mini. A littattafan ma ai yarinyar takan kasance da uba marar lafiya.

Wata safiya tsagar yatsana ta buɗe ban sani ba. Na ja tsumma daga sama zuwa ƙasa, sai ga jan layi ya biyo shi. Ta kai farce za ta ƙwanƙwasa, ta tsaya. Ta dubi layin, ta dubi hannuna, ta juya ta shige ciki. Ba a jima ba ƙofar gefe ta buɗe, ta fito da babbar butar shayin ma'aikata tana tururi.

"Malam, miƙo bokitin."

Muryarta ta fi yadda na zata kauri, kuma da ɗan mura a ciki. Ta tsiyaya ruwan zafin a kan namu har ya yi ɗumi. Na tsoma hannu, zafin dawowar jini ya sa idona ya kawo ruwa.

"Ni fa, baiwar Allah?" in ji taubashina daga kan tsani. "Nawa hannun na katako ne?"

"Kai ai bakinka ba ya hutawa, shi zai ɗumama ka," in ji ta.

"Kin ji ko? Wannan kuwa da kika tausaya wa, yau ba zai ci abinci ba, ya ƙoshi."

Ta yi 'yar dariya ta koma. Daga ranar kullum sai ta fito da butar kafin Manaja ya iso. Taubashina bai hana ba, ya dai ce mini ɗumi a bokiti ba laifi, amma kada tafasasshen ruwa ya kusanci gilashin da ya kwana a sanyi, musamman kusurwar ƙasa ta dama, inda tsakuwa ta taɓa bugawa ta bar ɗan tabo kamar tauraro. Ni ya gaya wa. Ita ba a waje take aiki ba, babu wanda ya ga dalilin gaya mata.

A shekarar aka fara maganar siyasa, yaran jam'iyyu suka shiga manna hotuna a duk bangon da suka samu. Wata safiya da sanyi ya fi na kullum, har raɓa ta yi fari a kan ciyawar bakin titi, muka tarar an manna hoton wani ɗan takara a ƙasan gilashin, da sitaci mai kauri da ya bushe ƙam. Taubashina ya ɗauki tsani ya zagaya tagogin gefe. Ni na tsuguna ina kankare takardar da farce, tana fita ɓalli-ɓalli, yatsuna suna jini a kan fuskar mutumin.

Ta fito da butar, ta tsaya a kaina.

"Haka za ka yi ta yi har azahar? Sitaci ne fa. Matsa."

Abin da kowace mace za ta yi wa tukunyar da koko ya kama ta yi. Kafin in ɗago, ta karkata butar a kan hoton. Muka ji ƙas, ba da ƙarfi ba, kamar an taka busasshen kara. Layi ya tashi daga ƙarƙashin takardar, ya haura a karkace, ya ratsa ta gaban kek da burodin da aka jera, bai tsaya ba sai a ɗaya kusurwar ta sama. Ta sa yatsa ta shafa shi, kamar mai duba ko zai gogu.

Da Manaja ya iso na riga na shirya maganata. Na san wannan wurin a littattafai, nan ne saurayi ke shiga gaba.

"Oga, ni ne. Ni na zuba ruwan zafi."

Ya dube ni, ya dubi bokitaina. "A wane murhun ka dafa? A aljihunka?"

"Ranka ya daɗe, ni ce," in ji ta. "Butar ciki ce. Ban san yana fashewa ba."

Bai yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi tsorata ni. Ya ce mai wurin zai zo daga Kaduna ya tambaye shi, kuma dole ya sami abin da zai faɗa. Mu kada ya sake ganin tsaninmu. Ita kuma ta ajiye rigar aiki, ta kwashe kayanta kafin Juma'a.

Taubashina ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. "Oga, mu mun tafi, ba komai. Amma tsohon nan, a bar shi a ɗakin ko zuwa ƙarshen sanyi. Ka ji tarinsa ai."

"Na ji. Ɗakin na mai aiki ne. Wadda za ta zo a ina zan sa ta?"

A kurarmu muka kwashe kayan, ranar Alhamis. A nan na fara ganin tsohon, dogo ne da ya rame, da rawani a wuya da bargo a kafaɗa. Kafin ya fita ya ɗora tafin hannunsa a bangon ya ɗan jima, kamar mai sallama da dabba. Ɗakin da ta samu yana wajen unguwar Abattoir, a gidan wata 'yar'uwar uwarta, rabinsa bulo rabinsa kwano, a kan tudu inda iska ba ta da abin da zai tare ta. In ka tsaya a ciki kana ganin haske ta mahaɗar kwanon.

Muka shiga toshe ramukan da jaridunmu. Da suka ƙare na koma gida na ɗebo littattafaina a buhu, na riƙa yage su ina murɗawa ina cusawa. Taubashina ya buɗe baki zai yi tsiya, ya fasa. Tsohon yana zaune kusa da kaskon gawayi yana kallonmu.

"Allah ya yi muku albarka, samari," in ji shi. "Ku bar na saman nan, hayaƙi ya sami hanya."

Da za mu tafi ta rako mu bakin zaure. Taubashina ya tura kura gaba da gangan. Na haɗa duk abin da na tanada tun ranar da na ga hannunta, na ce mata tun da nake ban taɓa ganin wadda ta shiga raina kamarta ba, kuma in ta yarda zan nemi aiki mai kyau in kama ɗaki mai ɗumi. Ta saurare ni har na gama, idonta a kan ƙofar ɗakin, inda tarin ke fitowa.

"Malam, na gode. Ka riƙa shafa mai kafin ka sa hannu a ruwa, ba bayan ka fito ba."

Ta koma ciki. Na je sau da yawa bayan haka da gawayi, wani lokaci in same ta, wani lokaci ta tafi neman aiki. Gawayin yana ɗumama tsohon, hayaƙinsa kuma yana tayar masa da tari, in an kashe sanyi ya shigo. Bai kai ruwan farko na damina ba. Muna cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, ba ta da nauyi. Bayan sadakar bakwai na koma, aka ce ta tafi wajen dangi a Bukur. Gilashin kuwa an manna masa tef a kan layin, ya yi shekaru a haka yana aikinsa.

Na bar wankin gilashi na koyi ɗinki, na yi aure, na yi 'ya'ya. Ina da furfura a gemu lokacin da na sake ganinta. Na je tashar mota da asuba zan tafi Bauchi, a cikin sanyi, sai na ga wata mace a bayan rumfunan tashar tana hura wuta a ƙarƙashin duro, tana sayar wa direbobi ruwan zafi na wanka da alwala. Da yadda ta karkata bokiti na gane ta. Na gaishe ta, ta ɗago, idanun sun yi fari-fari, hayaƙin itace ya cinye su. Da lalube take gane bakin bokiti.

Na ce mata ni ne na gidan burodi, mai gogewa ta waje.

"Mai surutun nan? Mai guntun yatsa?"

"A'a, ɗayan."

"Akwai wani mai jini a hannu," in ji ta. "Fuskar ce ban riƙe ba. Ka san ni datti nake dubawa."

Ta tambayi taubashina, na ce yana nan, bakin bai mutu ba. Ta ce ta sake aure a Bukur, bai daɗe ba, ba ta haihu ba. A rumfar nan take kwana, bayan duron, wurin akwai ɗumi har safe. Wani direba ya buga bokiti yana kiran Iya, ta juya wajen muryar, ta laluba moɗa.

Da na dawo daga Bauchi na kawo mata maganin ido, ta karɓa ta yi godiya. Shekarar da ta biyo baya na leƙa, na tarar da wata mata daban a bakin duron. Ta ce idon Iya ya rufe gaba ɗaya da damina, wani ɗan 'yar'uwarta ya zo ya tafi da ita wani ƙauye bayan Vom. Na tambaya ko wurin da sanyi. Ta ce ai can ya fi nan.