Guntun da Zakka Bai Goge Ba

Yatsan Zakka yana kan maɓallin gogewa, kunun gyaɗa yana hucewa a gefensa. Haka safiya take farawa a ɗan shagonsa na Fadaman Mada, inda yake tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a waya: ya share ƙasa da tsintsiya, sannan ya share cikin kwamfuta.

Sharar ciki shi yake tara ta da kansa, don Zakka ba ya iya jira. Tun yana yaro a Bogoro yake buɗe tukunyar uwarsa wake bai nuna ba, girma kuma bai raba shi da halin ba. Bidiyo yana cikin sauka, ko rabi bai kai ba, sai ya danna ya leƙa. Duk leƙe ɗaya kuwa, kwamfutar takan kwafi abin da ya iso ta nuna masa, ta ajiye a gefe, ta manta da shi. Guntaye ne marasa ƙarshe. Jarumi ya ɗaga hannu bai sauke ba, mawaƙiya ta buɗe baki ta tsaya a haka har abada. Su suke cika masa wuri, su yake gogewa yana fito.

Ran nan bai kai ga dannawa ba sai ga sallamar Hamma, dattijon Bafulatani mazaunin Miri. Satin nan kullum sai ya zo a bayan babur. Ɗansa na fari, Nasiruddeen, ya tafi da garken gidan can wajen Mambila, damina biyu ke nan ba a gan shi ba. Ya aiko da bidiyo mai nauyi ta hannun Zakka, don wayar Hamma ƙarama ce mai maɓallai.

"Zakka, shanun sun iso?"

"Bari in duba, Baffa. Sabis ne yake tafiya kamar an ɗaura masa dutse."

"Kai ne ka cika leƙa su. Dabba ba ta son a sa mata ido."

Hamma bai taɓa cewa ɗansa yake son gani ba. Ɗan fari ne, a wurinsu ba a kiran sunansa, ba a nuna ana kewarsa. Shanu kawai yake tambaya. Amma duk layin an san ba don shanu tsoho yake baro Miri da sassafe ba.

Zakka ya duba, fiton ya mutu a bakinsa. Wa'adin bidiyon ya ƙare a inda aka ɗora shi, ɗan abin da ya sauka ma kwamfutar ta watsar. Mai aikowar kuma ya nausa daji inda babu sabis, sai kaka.

"To, ba komai," in ji Hamma, yana laluben sandarsa. "Shanu ai shanu ne."

Idon Zakka ya faɗa kan guntayen da ya zaɓa zai goge, har da na bidiyon shanun. Ya janye yatsansa a hankali.

"Baffa, ɗan zauna tukuna."

Na farko ciyawa ce da kofatai. Na biyu ya kai har kan wani maraƙi yana atishawa, Hamma ya yi dariya. Na ƙarshe shi ne mafi tsawo, wanda Zakka ya buɗe jiya wata mai son waƙar biki ta shigo ta ɗauke masa hankali, bai kalla ba. Garke ya wuce, hazo yana sauka a kan tsauni kamar an zuba madara. Sai hoton ya juya, ga fuska a ƙarƙashin malafa, da wushirya, da sabon gemu. Mai fuskar ya buɗe baki zai yi gaisuwa, guntun ya ƙare a nan, murmushin ya tsaya cak.

"Kai! Ga Nasiru..." Zakka ya ɗauko da ƙarfi.

Hamma ya mai da fuskarsa bango. Zakka ya haɗiye sauran.

"Ga jar saniyar nan, nake cewa, Baffa. A nan ta fi fitowa."

Kan ƙahonta kaɗai ake gani a bayan kafaɗar saurayin. Hamma ya juyo, ya matso da kujera, ya daɗe yana kallo.

"Ta yi ƙiba," ya ce. "Da alama wurin ya karɓe ta. Sa mini wannan a memori. Saboda saniyar."

"Saboda saniyar mana."

Zakka ya tura masa. Ya kama yatsan tsohon ya ɗora a kan maɓallin wayar da yake mayar da bidiyo farko, ya ce a nan ake dannawa, ko sau nawa ne ba ya ƙarewa. Sannan ya miƙe yana shafa ciki.

"Bari in cim ma mai ƙosai kada ta tashi. Layinta da tsawo, Baffa, zan daɗe."

Ya saki labulen ƙofa a bayansa, ya fita.