Malami Mai Soson Firji

Da an sallame sallar asuba, Malami mai gyaran firji zai tura baronsa zuwa bayan kasuwar Talata Mafara, inda 'yan jari-bola ke feɗe matattun firji. Su ƙarfe da tagulla suke so. Soson nan mai ruwan ɗorawa da ke cikin bangon firjin kuwa wuta suke cinna masa. Shi Malami yake kwasa kafin su ƙone shi. Ya marmashe shi, ya ɗura a tsofaffin gidajen sauro, ya ɗaure tamau kamar matasan kai, ya kama hanyar fadamar ƙauyen Morai, 'yan teburin mai shayi na yi masa ihu: "Malami na bola! Firji ya mutu, kai ka gaji hanjinai?"

Ku masu ihun, kun fi kowa sanin abin da yake tarewa. Mai injin ban-ruwa a fadamar nan, in zai canza mai, bakin magudana yake zuwa ya tsiyaye baƙin man cikin ruwa, ya wanke hannu, ya ce ai ruwa mai gudu ba ya ɗaukar dauɗa. Wannan magana saura ƙiris ta zubar da jini a ranin bara.

Abdulmumini makiyayi ne da ya gudo daga Gidan Goga da ɗan abin da 'yan bindiga suka rage masa na shanu. Daji ba ya shiguwa, mashaya ɗaya ta rage masa, a ƙasan Morai. Ran nan shanun suka sunsuni ruwan suka ja da baya. Maraƙin da ya sha ya kwanta yana kumfa. Abdulmumini ya rantse guba manoma suka zuba don su kore shi. 'Yan'uwansa suka taru da sanduna, manoma suka fito da adduna. Duk ɗan Zamfara ya san inda irin wannan tsayuwa take ƙarewa.

Sai ga Malami da baro. Ko sallama bai tsaya yi ba, ya tattare wando ya faɗa ruwan har ƙugu.

"Abdulmumini, ɗan'uwa, ba ni zuwa la'asar. In saniyarka ba ta sha ruwan ga ba, ka fara da kaina."

Sharhabilu, wanda injinsa ke girke a sama da mashayar, ya taɓe baki. "Haba Baba, mi aka yi? Ruwa mai gudu ne fa."

"To ga buta, ɗiba ka yi alwala."

Sharhabilu bai karɓi butar ba.

Malami ya gitta ɗaurin sosonsa daga gaɓa zuwa gaɓa. Soson ya yi ta yawo a saman ruwa yana zuƙe man, yana barin ruwa ya wuce. Wanda ya yi baƙi ya janye shi, ya matse a durom, ya saka sabo. Rana ta dake shi, ba wanda ya miƙa masa hannu. Da la'asar tsohuwar saniyar garken ta matso, ta sunsuna, ta yi jim, sannan ta kafa kai. Sanduna suka sauka ɗaya bayan ɗaya.

Kai ne, Malami, ka tsaya tsakanin adda da sanda da abin da muka jefar a bola. Garkuwar mashaya! Kai ne har man da ka matse ba ka zubar ba, sai ka kai wa kafintoci su shafa wa katakon rufi saboda gara. Me muka saka maka da shi? Suna na bola.

Yau ƙafafunka duk gyambo ne saboda tsayuwa cikin baƙin mai, matarka Taiba ta rantse ba za ka sake shiga ruwa ba, kuma gaskiyarta. Makon jiya na bi ta mashayar, na ga ruwan ya fara sheƙi. Wani ya sake tsiyaye injinsa. Ba kunya, ba tsoron Allah!

Mun gode, Malami. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka tarar da ladan kowace maƙurwa da dabba ta yi a wurin nan. Ku kuwa masu injina, galan ɗaya ya ishe ku tara manku. Masu ihu, baron yana jingine a ƙofar gidansa, Taiba ta ce ba ta sa masa kwaɗo ba. Wanda ya isa, ya zo ya tura.