Wuƙar da Ta Rasa Magaji

Ƙarar wuƙa bisa dutsen washi takan mayar da ni gidan kakana, a wani ƙauye gabas da Agiye, inda kaba ta yi wa gonaki iyaka. A zamanin nan, mai karatu, ba a miƙa wa yaro wuƙa sai an shayar da ita.

Shekarar da na isa yankan kaba, kakana ya karɓo mini tawa daga maƙera, baƙin ƙarfe tsirara, ƙotarta icen aduwa. Ya shayar da ita, wato ya jiƙa ta cikin ruwan tsamiya har hasken ya dushe ta yi launin toka, sa'annan ya murza mata kitsen rago. Da damina, in na dawo daga daji raɓa ta jiƙe kube, ba na kai loma baki sai ya zare ta ya duba. Ran da ya ga jan ɗigon tsatsa kusa da ƙota, cewa ya yi, "Jikalle, ƙarfe ya kai ƙararka." Da yashi na goge ta, tuwona na hucewa.

Ita na riƙe duk tsawon rayuwata. Ta yanki kaba, ta feɗe ragunan layya, washi ya cinye ta har ta rame kamar ganyen gero.

Bana, da ganina ya raunana, na kira ɗana na fari na miƙa masa ita da hannu biyu. Ya juya ta cikin ladabi, kana ya zaro tasa, wadda ya sayo kasuwar Gazawa, an lulluɓe ta da baƙin fenti.

"Baba, ajiye abarka. Wannan ko ta kwana cikin ruwa ba ta son mai. In ta lalace a sake wata."

Na shafa bakinta, inda washi ya ɗaye fentin, na ji tsatsa ta soma shiga ƙarƙashi. Ba ƙarya ya yi ba: mutumin da ke bisa babur tun safe, ina ya ga sukunin lallashin ƙarfe?

Maƙerar garinmu ta daɗe da mutuwa, jikokin maƙerin faci suke yi a bakin hanya. Ni kuwa yanzu da babban yatsa nake neman tsatsar da idona ba ya gani. Jiya na same ta a wuri biyu jikin wuƙata. Na goge ɗaya, hannu ya gaji ya ƙi ɗayan.